Ƙanena, fara gina lissafin tun kana Katsina

Ƙanena, saƙonka ya same ni a jirgin ƙasa ina komawa gida daga aiki, sai da na saurare shi sau biyu. Ka ce tun da ka gama difloma a kwalejin Hassan Usman, shekara uku ke nan kai ke riƙe wa Alhaji lissafin shagonsa na siminti da rodi a Ƙofar Ƙaura, har Excel ta zauna maka a hannu. Ka ga bidiyon wani yana ɗaukar jadawalin Excel yana mayar da shi na'urar lissafi a cikin shafin intanet, yana cewa Turawa na biya da tsoka. Sai ka jefo mini tambaya biyu: gaskiya ne? In gaskiya ne, ka sayar da kasonka na gonar Baba ka taho Jamus karatu, ka riƙa ciyar da kanka da wannan aikin?

Ta farko gaskiya ce, ni kaina ina yi. Ta biyun ce ta hana ni barci.

Bari in fara da aikin, don ka san abin da kake so ɗin. A ce mai buga bulo ne a hanyar Daura, kullum ana kiransa ana tambaya bulo nawa zai zagaye fili hamsin da ɗari. Kai ka san amsar. Kewayen filin ƙafa 300 ne, wajen mita 91. In katangar za ta yi mita 2 a tsaye, murabba'in mita 182 ke nan, kowane murabba'i kuma yana cin bulo 10, ya zama 1,820 kafin a cire gurbin get a ƙara na fashewa. A Excel wannan gida biyar ne ko shida, wato akwatunan jadawalin da ake cikewa, da fomula. Abin da bidiyon ya nuna maka shi ne a ɗauke wannan lissafin daga kwamfutarka a ajiye shi inda mai fili zai buɗe da wayarsa, ya rubuta tsawo da faɗi, ya zaɓi inci shida ko inci tara, adadi da kuɗi su fito masa nan take, ko da tsakar dare ne.

Yawancin waɗanda nake yi wa aiki a kan WordPress suke. Manhaja ce ta kyauta da ta fito a 2003, yau fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya a kanta aka gina su. Ƙarfinta yana cikin fulogin, wato ƙananan manhajojin da ake jona mata su ƙara mata aiki. Wasu, irin su SpreadsheetConverter, suna karɓar fayil ɗin Excel su juya fomulolin zuwa JavaScript, yaren da burauza ke ji, fulogin ɗin ya ɗora sakamakon, ya ba ka wata 'yar gajeriyar lamba ka manna a inda kake so na'urar ta bayyana. Wasu, kamar Calculated Fields Form, a cikinsu kake sake gina lissafin gida-gida. Akwai kuma hanyar buɗe taga a jikin shafi, a leƙo jadawalin da ke ajiye a OneDrive, ma'ajiyar fayil ta Microsoft a intanet, kai tsaye. Tana da sauri, amma a waya sai mutum ya yi ta ja dama da hagu, ni ban cika ba mutane shawararta ba.

Jona fulogin da manna lambar, wallahi yini ɗaya ya ishe ka ka koya. Ba shi ake biya ba. Abin da ake biya shi ne ka zauna da mai sana'a ka zaƙulo lissafin da ke kansa, ka raba gidajen da baƙo zai cika da waɗanda za a kulle, ka hango duk hanyar da mutum zai bi ya rubuta abin da bai dace ba. Nan aikin yake, kuma nan na sha wuya.

Aikina na farko na wani mai fentin gidaje ne. Na gwada na'urar a kwamfutata, komai daidai. Bayan mako guda ya kira ni, muryarsa a sanyaye, ya ce mutane na shiga amma ba mai kiransa. Na je shagonsa, na ce wa matarsa ta gwada a gabana. Ta rubuta girman ɗaki 24,5. Jamusawa waƙafi suke sawa inda muke sa ɗigo, ɗigon kuma su raba dubbai da shi. Na'urata ta watsar da waƙafin ta karanta 245, kuɗin fentin ɗaki ɗaya ya ninka sau goma. Mako guda mutumin nan yana korar masu saye da hannuna. Na gyara a daren, na kuma ƙi karɓar sauran kuɗina, don hakkinsa ne. Ko Excel ɗinsu ma ba irin taka ba ce: SUM sunanta SUMME, IF kuma WENN.

Wani abin da mai bidiyo ba zai gaya maka ba, in an juya jadawali zuwa JavaScript, lissafin a wayar baƙo yake gudana. Duk wanda ya iya leƙa bayan shafi zai ga abin da ke ciki. Ka ɗauki fayil ɗin Alhaji yadda yake ka ɗora, da farashin sari da ribar da yake ɗorawa a kowane buhu, ka tona masa asiri a gaban abokan kasuwarsa ko da ka ɓoye layin. Sabon fayil ake yi, a sa farashin sayarwa kaɗai. Haka nan makro, wato jerin umarnin da aka rubuta da VBA, yaren shirye-shirye na cikin Excel, ba sa tsallakawa, sai ka sake gina su da fomula zalla. In kuma na'urar za ta karɓi suna da lambar waya, a nan Turai dokar kare bayanan mutane da ta fara aiki a Mayun 2018 tana kanka.

To, batun tahowa. Ka saurare ni da kyau, don a nan ne shirinka ya karye. Bizar karatu a Jamus tana ba ɗalibin da ba ɗan Tarayyar Turai ba damar aikin albashi na cikakkun kwana 140 ko rabin yini 280 a shekara, tun daga Maris na 2024. Aikin gashin kai, irin wanda kake nufi na karɓar kwangila daga masu shaguna, ba ya ciki, sai da izini na musamman daga ofishin baƙi. A Ingila ma ɗalibi ba shi da ikon yin sana'ar kansa, awa 20 kawai yake da su a mako lokacin karatu, a ƙarƙashin wani. Ni sai da na gama karatu takarduna suka canja kafin na karɓi aikin mai fentin nan. Kafin lokacin ɗaukar kwali nake yi a sito da daddare, da safe in wuce aji. Kuma mai fenti da mai gyaran rufi Jamusanci suke yi. In ba ka ji abin da suke nufi ba, ba za ka iya rubuta lissafinsu ba.

Saboda haka ga na'urar farko da nake so ka gina, kuma kai ne mai sayenta: lissafin tafiyarka. Gida na farko kuɗin kullallen asusu, wato asusun da ɗalibi ke zuba kuɗin ciyar da kansa kafin a ba shi biza, wanda tun Satumbar 2024 ya koma Yuro 11,904 na shekara guda, ana sakar maka 992 duk wata. Adadin yana canjawa, ka duba na ranar a shafin ofishin jakadanci. Sa Yuro 75 na biza, da 75 na uni-assist, ofishin da ke tantance takardun ɗaliban waje, a takardar neman gurbi ta farko. Sa inshorar lafiya, ta haura Yuro 100 a wata, kuma rangwamen ɗalibai yana ƙarewa in ka cika shekara 30. Yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin makaranta sai ɗan kuɗin hidima na kowane zango, amma jihar Baden-Württemberg tana karɓar Yuro 1,500 duk zango daga irinmu tun 2017. Ga tikiti, ga kuɗin ajiya na haya, ga rigar sanyi. Gida ɗaya kuma ka bar shi a buɗe, na canjin Naira. Ka tuna a farkon 2023 Dala tana wajen Naira 460 a banki, a 2024 ta haura 1,500. Na san waɗanda suka taho da lissafin tsohon canji, shekara ta biyu ta zo musu babu abin cike asusu. Ka sa kuɗin gonar a gefe guda, ka yi ta ɗaga canjin kana kallon inda jan layi zai fito. Kada ka manta da layin shekara ta biyu, lokacin da babu wata gonar da za a sayar, Inna kuma da gero da waken gonar nan ake ɗora mata tukunya.

Ba sai ka sayi adireshi ko ka kama hayar masauki a intanet ba kafin ka fara. Akwai XAMPP, kyauta ce, tana ba ka damar girka WordPress a cikin kwamfutarka ka yi ta gwaji ba tare da data ba, in dai akwai caji.

Na san za ka ce 'yan kasuwarmu a WhatsApp suke, wa zai biya kuɗin shafi? Da gaskiyarka, kasuwar ba ta da faɗi tukuna. Amma adireshin shafi ai a WhatsApp ɗin ake tura shi. Dubi masu sayar da sola da suka cika gari: kowa tambayarsa fanka biyu da firji da ƙwai shida, faranti nawa, batir nawa. Lissafin wat ne sau awanni, ya dace da wannan aikin kamar an auna. Ga makarantun kuɗi masu rangwame ga mai 'ya'ya uku. Ga zakka, wadda na fi so ka yi saboda Allah: rubu'in ushuri, wato kashi 2.5 cikin ɗari, a dukiyar da ta kai nisabin zinare na kusan giram 85 ta kuma shekara, sai amfanin gona, ushuri ga na ruwan sama, rabinsa ga na ban ruwa. Farashin zinare ya zama gidan da ake sabuntawa. Amma kada ka sake ta sai malami ya zauna ya gwada ta da mas'aloli a gabanka. Rabon gado kuwa kada ka taɓa shi yanzu, kuskure ɗaya a can hakkin maraya ne.

In ka yi uku ko huɗu masu aiki, kana da abin nunawa, ko a takardar neman jami'a ko a neman gurbin koyon sana'a. Wannan na biyun ka sa shi a ranka: a nan akwai horon shekara uku na ma'aikatan kwamfuta, wani ɓangare a kamfani wani a makaranta, kuma ana biyan mai koyo duk wata. Yawanci suna neman Jamusanci matakin B1 ko sama da haka, ana rubuta jarrabawar a cibiyar Goethe da ke Legas. Hanya ce mai tsawo, amma ba ta cin gona.

Ban ce kada ka zo ba. Ɗakina yana nan, ranar da ka sauka ni zan tarye ka a filin jirgi in Allah ya yarda. Ka fara da na bulon nan da na tafiyar, ka turo mini fayilolin kafin ƙarshen wata, ranar Lahadi bayan la'asar ɗinku in kira ka mu bi su gida-gida. Maganar gona kuma kada ka kai ta kunnen dillali sai mun ga abin da lissafin ya nuna. Ka gaishe mini da Inna da kyau, ka ce mata maganin ƙafarta yana hanya.