Waƙar dandamali da aikin furodusa: amsa ga ƙanena na Aboabo

Ƙanena, ka ce kana rubuta waƙoƙi, kana so ka haɗa wasan kwaikwayo mai waƙa a dandamali ka kuma zama furodusansa da kanka, kana tambaya ko ana cin abinci da wannan sana'a. Ana ci, amma ayyuka biyu ka ambata, kuma ina roƙonka kada ka ɗauke su rana ɗaya. Na daɗe ina yin duka biyun a nan Kumasi.

Waƙar dandamali ba irin ta biki ba ce. Ta biki yabo ne, a yi liƙi a watse. Ta dandamali kuwa dole ta tura labari gaba: in an cire ta wasan bai rasa komai ba, to ba ta yi aikinta ba. Wadda na fi alfahari da ita na rubuta wa wata yarinya ce da ta fito a matsayin 'yar kayayo, wato mai dakon kaya a ka, a kasuwar Kejetiya. Baiti shida na yi da farko, darakta ya yanke huɗu, raina ya ɓaci ƙwarai. Daren wasan, yarinyar ta sauke kwanon daga kanta, ta zauna a kansa, ta ja baiti biyun nan da kalangu ɗaya tal. Kafin ta kai amshi na biyu, iyayenmu mata da ke layin gaba sun karɓe shi, wata tana share ido da bakin mayafi. Darakta ya fi ni gaskiya.

Kuma kada ka ɗauka daga Turai za ka kwaso abin. A ƙasar nan ta Gana muna da konsat fati, wato wasan kwaikwayo mai kiɗa da barkwanci, inda E.K. Nyame ya kafa Akan Trio a 1952 ya haɗa kiɗan hailaif da wasa da yaren Tuwi, suna yawo gari-gari. Ka nemi tsofaffin da suka gani da idonsu, har yanzu akwai su a zango.

Furodusa shi ne mai ɗaukar bashi. Kuɗin zaure, lasifika, makirufo, kayan sawa, kuɗin trotro (motar haya) na 'yan wasa duk ranar rihazal, har waken da za su ci, duk a wuyansa. A 2015, ana tsakiyar dumso, wato lokacin yawan ɗauke wuta, na kama wani zaure da kuɗin aro. Wuta ta ɗauke, janaretan da na yi haya ya ƙi tashi, ga ruwan sama. Waɗanda suka zo ba su cika layi uku ba. Washegari na sayar da kibod ɗina na biya makaɗa, domin haƙƙinsu ba ya jiran ribata. Na yi shekara guda kafin na sake sayen wani.

Za ka ji ana misali da marubucin wasan kwaikwayo Uncle Ebo Whyte, wanda tun 2008 kamfaninsa Roverman ke kai wasa National Theatre a Akara, zaure mai kujeru kusan 1,500 da aka buɗe a 1992. Gaskiya ne, amma da masu ɗaukar nauyi a bayansa da 'yan kallon da ya tara a hankali. Mu a zango akwai ƙarin aiki: sai ka gamsar da iyaye da malamai cewa abin da 'ya'yansu za su yi ba ɓatanci ba ne. Ni ina kai wa mahaifin kowace yarinya rubutun ya karanta, kuma rihazal ɗinmu yana tashi kafin magariba.

Saboda haka ka fara da rubuta wa wasan wasu, ko na makarantu ne, shekara biyu ko uku, kana kallon yadda kuɗi ke shiga da fita. Kowace waƙa a rubuta yarjejeniya a takarda, ko da abokinka ne na ƙuruciya: wa ya mallake ta, nawa za a ba ka in an sake wasan. Dokar haƙƙin mallaka ta 2005 tana bayanka, ka kuma yi rajista da GHAMRO, ƙungiyar da ke karɓar wa mawaƙa kuɗin haƙƙin waƙoƙinsu. In ka shirya, ka kawo mini waƙa ɗaya tare da fitowar da aka yi ta dominta, mu zauna bayan la'asar mu rera ta tare.