Ƙurar sussuka, hayaƙin inji da ƙwayar adana hatsi: me suke yi wa huhun manomi?

Tambayoyin wannan karon kusan duk a ƙirji suka tsaya, shi ya sa na haɗa su wuri guda.

Wani ɗan'uwa ya ce duk lokacin sussuka da shiƙa sai ya kwana yana tari, majina baƙi ƙirin, wai shin ƙurar nan har cikin jini take shiga?

Toh malam, bari mu fara da yadda abin yake aiki. Iskar da ka shaƙa tana bi ta hanci zuwa maƙogwaro, daga nan bututun ya rabu biyu, kowanne ya shiga huhu ɗaya yana ta yin rassa ƙanana har ya ƙare a wasu 'yan mitsi-mitsin jakunkunan iska, babban mutum yana da tsakanin miliyan 300 zuwa 500. Kowace jaka jijiyoyin jini ne sirara suka nannaɗe ta, kuma bangon da ya raba iska da jini kaurinsa bai kai kashi 1 cikin 1000 na milimita ba. Anan ake musayar. Iskar waje kashi 21 cikin ɗari oksijin ce, wadda kake fitarwa ta koma wajen 16, ita kuma kabon dayoksaid ta shiga tana 0.04 ta fito tana wajen 4. Ba wani abu ke tura su ba fa, kowace iska daga inda ta yi yawa take gangarawa zuwa inda ta yi ƙaranci, kamar dai ruwan ban ruwa da ke bin gangare. Kaga kenan bangon nan baya tantancewa, in guba ce ta zo a matsayin iska ita ma wucewa zata yi.

Ita ƙura yawancinta bata shiga jini. Manyan ƙwayoyinta, gashin hanci da majina ne ke tare su, shi ne baƙin da kake gani, kuma wannan alama ce jiki na aikinsa. Wadda nake tsoro ita ce mai laushin da ido baya gani, musamman ta hatsi ko harawar da ta yi fumfuna, don ita har cikin jakunkunan take kaiwa ta sa su kumbura. In ka lura awa 4 zuwa 8 bayan aiki zazzaɓi da rawar sanyi da sarƙewar numfashi na kama ka, kar ka ce gajiya ce, ka je asibiti ka faɗa musu aikin da kayi. In aka yi shekaru ana haka bangon yana yin tabo ya yi kauri, kuma tabo baya komawa. Ka tsaya ta inda iska ke kaɗa ƙurar ta bar ka, ka sa takunkumin N95 wanda ya kama fuska sosai, ka busar da amfani da kyau kafin ka tara. Ƙyalle a hanci yana rage manyan ne kawai.

Wani kuma yana tambaya ko zai iya saukar da injin ban ruwa cikin rijiya saboda ruwa ya ja baya tiyo baya kaiwa.

Don Allah kar ka yi, wlh wannan ya kashe mutane da yawa. Injin fetur yana fitar da wata iska mai guba, kabon monoksaid, bata da wari bata da launi, kuma sinadarin jini da ke ɗaukar oksijin, wato himogulobin, yana riƙe ta fiye da yadda yake riƙe oksijin sama da sau 200, sai ka ga mutum yana numfashi huhu cike da iska amma jinin ba abin da yake kaiwa ƙwaƙwalwa. Ciwon kai, jiri, ƙafa ta mutu, kafin ya yi tunanin hawowa ƙarfi ya ƙare. Ko an kashe injin hayaƙin na nan kwance a ciki na tsawon lokaci.

Akwai abin da mutane basu sani ba, abin da ke sa ka ji numfashi ya matse ka taruwar kabon dayoksaid ce a jini, ba rashin oksijin ba. Don haka a rami ko rumbun da aka daɗe da rufewa inda oksijin ta yi ƙasa, mutum na iya zubewa ba tare da ya ji wata alama ba. Masu zura fitila su ga ko zata mutu, eh yana nuna ƙarancin oksijin, amma wuta na iya ci lafiya lau alhali guba na wurin. Inji ya zauna a sama nesa da bakin rijiya, a ƙaro tiyo ko a nemi famfon da ake nutsarwa. In wani ya faɗi a ciki kar ka dira ka bi shi haka kawai, sau da yawa mai ceton shi ne gawa ta biyu. A nemi 'yan kwana-kwana, kuma duk mai shiga rijiya ya zama da igiya a ɗaure da mutane a sama.

Wata baiwar Allah ta ce ta sa ƙwayar gas a buhunan hatsi, buhunan kuma suna ɗakin da yara ke kwana, wai ai ta ɗaure bakin da kyau.

Hajiya ki fitar da yaran yau ɗin nan, ba gobe ba. Ƙwayar nan da ta haɗu da danshin iska take sakin wani gas mai guba da ake kira fosfin, yana ratsa buhu, yana bi ta tsagar bango har ɗakin da ke maƙwabtaka, kuma yara ne yake fara kayarwa. Yana sa ruwa ya taru a jakunkunan huhu, oksijin ta rasa hanyar tsallakawa, wani lokacin sai bayan awanni abin zai tsananta. Bashi da makari. In kin ga amai, ciwon kai ko nauyin ƙirji a tafi asibiti da kwalin maganin a hannu, kar a tsaya ba da madara. Takunkumin ƙura baya tare shi sam. Ni shawarata ga mai ajiya a gida shi ne buhun nan mai leda ninki-ninki da iska bata shiga, ƙwarin da kansu suke cinye oksijin ɗin ciki su mutu ba tare da magani ba.

Mai kiwon kaji da ya ce ido na masa yaji in ya shiga da safe, amoniya ce, wata iska mai yaji da ke tashi daga kashin kajin da ya jiƙe. Bai kamata ta wuce kashi 25 cikin miliyan na iskar ɗakin ba, kuma hanci yana sabawa da ita, don haka kar ka dogara da shi. Kajin sun fi ka shaƙa don suna ƙasa, ka durƙusa daidai tsayinsu ka ji. Gyara mashayar da ke yoyo, kwashe jiƙaƙƙen garin katakon ka zuba busasshe, ko da sanyi kar ka toshe tagogin sama gaba ɗaya.