Bai taɓa dukanki ba, amma zalunci ne

'Yar'uwa, kin ce maigidanki bai taɓa ɗaga miki hannu ba, amma yana binciken wayarki, ya hana ki zuwa gidanku, kuɗin cefane ma sai ya ga dama. Kina tambaya ko zalunci ne. Zalunci ne mana.

Na gani a kan wata ƙawata. Da ta ji ƙarar babur ɗin mijinta sai ta katse hira, ta tura waya ƙarƙashin filo, jiki na ɓari. Tabo ko ɗaya babu. Bayan kowane wulaƙanci ya shigo da tsire yana ba da haƙuri, sati guda an koma gidan jiya. Raba ta da danginta ne ya fi kassara ta, don ta rasa wanda za ta kai wa kuka.

A mazhabar Malikiyya alƙali na iya raba aure saboda cutarwa, kuma zagi da muzantawa suna ciki. Dokar VAPP ta 2015, wato dokar hana cin zarafin mutane, ita ma ta haramta cin zarafi da baki, a Abuja da jihohin da suka karɓe ta. Ki sanar da waliyyinki, ki adana saƙonninsa inda ba zai gani ba. In ya fara barazanar kisa, ki fita tukuna, sulhu daga baya.