Tambaya da Amsa: Abincin Mai Karɓar Gashin Ciwon Dajin Maƙogwaro

Tambaya: Likita, mahaifina ya shiga mako na uku da fara gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, saboda ciwon dajin maƙogwaro. Bakinsa ya yi gyambo, haɗiya tana yi masa zafi, kuma ya rame sosai. 'Yan uwa sun kawo masa ƙwayoyin bitamin da madarar gwangwani ta marasa lafiya da wani jiƙo. Wanne ya dace mu ba shi?
Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, ya saka miki da alheri. Gashin ciwon dajin kai da wuya yakan ɗauki mako 6 zuwa 7, kwana biyar a kowane mako, gyambon baki kuwa yakan fara ne a mako na biyu ko na uku, ya ci gaba da tsananta har bayan an kammala. Ramar ita ce ta fi damuna, domin fuskar robar da aka gwada masa don daidaita hasken takan yi masa yawa idan ya zube, sai a sake awo ko a dakatar da gashin, alhali katsewar tana rage amfanin maganin.

Madarar gwangwani irin su Ensure da Fresubin tana da amfani, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan tsakanin abinci. Mai nauyin kilo 60 yana bukatar kalori 1,500 zuwa 1,800 a rana, da giram 60 zuwa 90 na sinadarin gina jiki, ƙwai ɗaya kuma giram 6 ne kacal. Idan tsadarta ta yi muku yawa, ki dama kunun gyaɗa mai kauri, ki zuba garin madara da cokalin man gyaɗa, ki bari ya huce kafin ya kurɓa. Alale mai laushi, da faten wake da aka tace, da ayabar da aka niƙa da madara duk suna wucewa cikin sauƙi. Yaji da tsamiya da lemun tsami da goro a ajiye su tukuna, taba kuwa a rabu da ita gaba ɗaya.

Batun bitamin yana bukatar hattara. A wani bincike da aka yi a Kanada kan majinyata 540, wanda aka wallafa a 2005, an ga cewa ciwon ya fi komowa ga waɗanda aka ba bitamin E mai yawa a lokacin gashi, musamman masu shan taba. Saboda haka kada ya sha ko ƙwaya ɗaya sai likitansa ya ga kwalbar. Jiƙon ma haka ne, musamman idan ana yi masa ƙarin ruwan maganin dajin da ake kira cisplatin, domin wannan magani yana wahalar da ƙoda, ba a son a ɗora mata abin da ba a san haɗinsa ba.

Zuma mai kyau tana sassauta gyambo ga wasu, in ba shi da ciwon suga, amma ya kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi bayan ya sha, saboda ƙarancin yawu yana saurin lalata haƙora. Ki riƙa auna nauyinsa kowane mako. Idan ya ragu da kilo 3 cikin wata guda, ko ruwa ma yana shaƙe shi, ki sanar da likita a ranar. In sun kawo shawarar sanya masa tiyon abinci ta hanci, ki taya su lallashin Baba ya yarda, domin ana cire shi da zarar haɗiya ta dawo.