Salati ya yi tsiri, tumatir na zubar da fure: a sake zuba iri?

Assalamu alaikum. Ƙanena da ka ce salatinka ya miƙe yana ɗaci, furen tumatir kuma na zubewa a wannan ƙarshen Fabrairu, kana tambaya ko ka sake zuba iri: riƙe kuɗinka. Ba cuta ba ce, ɗari ne ya ƙare.

Mu nan Tawa ta Nijar, lambu ke fara gaya mana bazara ta ƙarato, tun mutane ba su naɗe bargo ba. Mangwaro ya yi fure har ya fara ɗaura ƴaƴa, hazo ya ja baya, guguwa na tashi da azahar, ruwan rijiya kuma kullum sai ƙara nisa yake. In ka ga haka, kayan sanyi sun gama nasu. Salati da zarar ya ji zafi iri yake nema, ba ganye ba. Ka tuge ka kai kasuwa, ka bar ƴan gindi kaɗan su yi maka irin baɗi. Tumatir kuwa, zafi in ya haura digiri 35 fure ba ya ɗaurawa sosai. Ka kula da waɗanda suka riga suka ɗaura: ban ruwa da sassafe da kuma la'asar sakaliya, ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindi don laima ta daɗe.

Ba ka tambayi albasa ba, amma nan ne aka fi yin asara a wannan lokaci. Albasa ƴar Galmi in wuyanta ya yi laushi, kusan rabin ganyen fangali ya kwanta, sai a yanke mata ruwa kwana 10 zuwa 15 kafin cira. Wasu kwaɗayin nauyi ke sa su ci gaba da ruwa da takin zamani har ranar cira. Buhu zai cika kam, amma irin wannan albasa ba ta zama a rudu, wato rumbun ajiyar albasa, ruɓa take tun daga wuya. Kuma Maris da Afrilu kowa ke cira, daga Galmi har Ƙwanni, farashi ya faɗi ƙasa warwas; wanda tasa ta iya kai damina shi ke cin riba. Bayan cira ka bar ta ta sha iska, ganyenta na rufe da kawunanta, kada rana ta dafa ta.

Fangalin da ka kwashe, sa kuɓewa, alayyahu, yakuwa ko kankana, su zafi ba ya tsorata su. Zogale ma ka jera a bakin shinge. Amma ka fara auna ruwanka tukuna, don Afrilu da Mayu a nan zafi na wuce digiri 40. Ni dai a bazara rabin lambuna kawai nake aiki. In da ruwan famfo kake ban ruwa, ka rage fiye da haka ma, kada kuɗin ruwa ya cinye kuɗin kuɓewar.