Birkin Le Mans da Vespar da na rasa

Kai yaro, ajiye wayar nan ka saurara. Ka ce ka gani a ciki wai birkin diski a filin tseren mota aka ƙirƙiro shi, kana tambaya ko gaskiya ne. Da wata tambayar ce da na kore ka ka je ka wanke sifanu, amma wannan ta taɓo mini wani tsohon miki.

Ba a tsere aka ƙirƙiro shi ba. Tun 1902 wani Bature ɗan Ingila, Lanchester, ya yi rajistar dabarar, sai ta yi ta kwanciya don ƙarfen lokacin ba ya ɗauka. Jiragen sama ma sun riga motoci cin moriyarta. Abin da tsere ya yi shi ne ya kunyata masu gardama. A 1953, a Le Mans ta Faransa, inda ake kwana ana wuni ana gudu awa 24, Jaguar ta zo da motarta C-Type ɗauke da diskin da suka haɗa da kamfanin Dunlop. Injinta lita 3.4 ne, Ferrari na da mai lita 4.5. Amma a lokacin akwai miƙaƙƙiyar hanya a wurin, Mulsanne, kusan kilomita 6, ƙarshenta kwana ce mai kaifi. Masu birkin daram, wato tsohon yayi mai kamar ganga, dole su fara takawa tun daga nesa, don daram yana riƙe zafi kamar tukunya a rufe. Diski kuwa a fili yake, iska na bugunsa. Direban Jaguar sai ya bari ya matso sosai kafin ya taka, zagaye bayan zagaye, har gari ya waye. Tony Rolt da Duncan Hamilton suka ci, Jaguar ta ɗauki na ɗaya da na biyu da na huɗu. A 1955 Mercedes ba ta bar daram ba tukuna, sai da ta ɗora wa motarta 300 SLR wani murfi a bayan direba da ke miƙewa ya tare iska don ya rage wa birki wahala. Ka ga ke nan duk rigimar a kan zafi take.

Zafin nan shi ya ci mini Vespa.

Shekara ashirin da wani abu ke nan. Ɗan wani attajiri ya kawo Mercedes ɗin ubansa ranar Alhamis, wai a canza fad, wato abin da ke matse diski, a zuba man birki, Asabar akwai bikin abokinsa. Fad ɗin da ya zo da shi ko suna babu a kwalin. Man birkin kuma a wata robar ruwa, an toshe bakin da leda an ɗaure da kyauron roba. Na ɗiga a yatsa na duba, ya yi duhu kamar shayin da ya kwana. Na ce masa wannan ya sha iska, ka kawo sabo a gwangwaninsa. Ya ce, "Malam, saka kawai, direbanmu da shi yake amfani." Yana magana yana kaɗa makulli a yatsa. Ni kuma lokacin ina ganin ɗan babban gida ya shigo garejina, kada in kore shi ya kai wa na gaba. Na saka. Yadda na fitar da iska ba sai na faɗa maka ba, wanda ya shekara biyu a nan bai iya wannan ba ya koma sayar da rake.

Abin da ba ku sani ba, ku 'yan yanzu da kuke zuba kowane irin mai don kun ga launinsa ɗaya: man birki yana shan ruwa daga iska. Mai nau'in DOT 3 sabo sai ya kai digiri 205 kafin ya tafasa, DOT 4 kuma 230. In ya sha ruwa, wancan ya sauko wajen 140, wannan 155. Da ya tafasa ya zama tururi, tururi kuwa matsuwa yake yi, sai ka taka feda ta tafi har ƙasa ba abin da ya kama.

Asabar suka fita wasan mota a bikin. Ya yi ta figa yana takawa, yana juyi, ƙura ta tashi, 'yan mata na shewa. Can ya taka ya ji wayam, ya shige katangar gidan mutane. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma gaban motar ya tashi daga aiki.

Lahadi da safe sai ga uban da 'yan sanda biyu. Wai makanike bai ɗaure birki ba. Na ce a kai ni wurin motar. Na shiga na taka feda a gabansu, ta tsaya cak, tauri kamar dutse, don mai ya huce. Na ce Alhaji ka gani, da aikina ne da yanzu ma za ta tafi ƙasa. Aka juya ga yaron, na ce ya faɗi wanda ya kawo man. Ya dubi tsakiyar idona ya ce shi kuɗi kawai ya ba ni in sayo. Robar kuwa na riga na jefar a bola tun Alhamis, kuma yaran garejin duk sun tafi cin abinci lokacin da ya kawo ta. Ba shaida ko ɗaya. Kwana biyu na yi a bayan kanta. Aka ce sulhu, sulhun kuma shi ne in biya rabin gyara da katanga. Vespata da ko shekara ba ta yi a hannuna ba, ita na sayar. Na yi wata bakwai ina zuwa aiki a ƙasa.

Shi ya sa kake ganin buhun can a bayan kwamfaresa cike da gwangwanaye da kwalaye, kowanne da lambar mota a jiki, kuna ta gunaguni wai ina tara shara. Kuma shi ya sa in mutum ya zo da kayansa a leda nake kiran biyu daga cikinku ku tsaya, ko da kuna tsakiyar cin abinci.

Ɗan attajirin nan yanzu ya yi tumbi da furfura, yana wucewa ta nan a wata baƙar jif. Ko sau ɗaya bai taɓa sauke gilashi ba.