Amsa ga 'yar'uwar da ke tsoron ko tana cikin awaki

'Yar'uwa, salama a gare ki. Kin rubuta cewa an yi wa'azi a kan Matiyu 25, inda Yesu ya ce a ranar shari'a Sarki zai raba mutane kamar yadda makiyayi ke raba tumaki da awaki, tumaki a dama domin mulki, awaki a hagu domin wuta, mai wa'azin ya ce masu fashin sujada da masu yawan tambaya su ne awaki, tun ranar kuma barci ya ƙaurace miki, kina son sanin ko akuya la'ananniya ce da kuma yadda za ki gane ɓangaren da kike. Na san wannan tsoron sarai, ya taɓa zama a ƙirjina, shi ya sa na kasa wucewa ban ce komai ba.

Ki fara cire batun la'ana daga ranki. A Fitowa 12:5 an ce dabbar Idin Ƙetarewa za a iya ɗauko ta daga tumaki ko daga awaki. A Littafin Firistoci 16 bunsuru biyu ake kawowa Ranar Kafara. Labule 11 da aka rufe alfarwa ta sujada da su, da gashin awaki aka saƙa su. Dabbar da Allah ya karɓa a bagadinsa, ina ita ina la'ana?

Abin da Yesu ya kwatanta aikin yamma ne na kowane makiyayi a ƙasarsu. Da rana garke ɗaya ne, tumaki da awaki tare, rijiya ɗaya, sanda ɗaya. Tunkiya ta sa kai ƙasa tana tsinkar ciyawa, akuya kuwa ganye take so, sai ki gan ta tsaye da ƙafafun baya tana jawo reshe, kamar yadda namu ke yi da magarya da bagaruwa. Shi ya sa ake haɗa su, ba sa cinye wa juna abinci. Da dare ne ake raba su. Tumakin can masu ulu ne, ga kitse a jela, suna iya kwana a fili. Akuya ba ta da wannan rigar, a tsaunukan Yahudiya kuma lokacin sanyi ne ake ruwan sama, dole a shigar da ita inda ke da rufi. Ko a nan, ki lura, da an fara yayyafi awaki ne ke fara rugawa zaure. Wadda ta kwana a jiƙe cikin iska, ba da jimawa ba za ki ji tari, ki ga majina, daga nan sai ciwon huhu.

Mu ma ai mun fi gane misalin, domin tumakinmu, Yankasa da Uda da Balami, gashi gare su ba ulu ba. Da magariba, ƙura ta tashi, garke na shigowa gari, baƙo ba zai bambance ƙaramar tunkiya da akuya daga nesa ba. Mai su kuwa ko duba fuska ba ya yi. Wutsiyar akuya a miƙe take sama, ta tunkiya a sake take ƙasa. Kuka ma ya ishe shi. Yana tsaye bakin garke da sanda, wannan nan, waccan can, ba gardama.

To, wa ke rabawa? Makiyayi. Yaushe? Bayan an gama yini. Nan ne raina ke ɓaci da masu irin wannan wa'azin. Mutum ya hau mumbari rana tsaka ya karɓe sandar da ba tasa ba, yana kallon layin mata yana cewa ya san awakin da ke cikin ikilisiyar nan. Kowa ya san da wa yake. Matar ta sunkuyar da kai, maƙwabciyarta ta ɗan ja jiki, a tashi sujada ba mai gaishe ta. Ba wanda ya tambaya ko jinyar uwa ce ta hana ta zuwa, ko kuɗin mota, ko miji. Wasu daga wannan Lahadin ba su sake taka ƙofar coci ba, kuma ba mai bin sawunsu, sai a ce ai dama akuya ce. Wannan zalunci ne, ina faɗa da ƙarfi. Ubangijin da ya ba da wannan misali shi ne ya ce a Matiyu 13 a bar alkama da ciyawa su girma tare har kaka, kada garin tuge ɗaya a tuge ɗayar.

Ki buɗe Ezekiyel 34 daga aya 17, nan ne tushen maganar. Allah ya ce zai yi shari'a tsakanin tunkiya da tunkiya, tsakanin mai ƙiba da ramammiya. Laifin masu ƙibar? Sun ci ciyawa mai kyau sun tattake saura, sun sha ruwa garai-garai sun gurɓata sauran da ƙafa, suna ture raunana da kafaɗa da ƙaho. Duk mai kiwo ya san wannan. Ki zuba dusa a kwami ɗaya wa dabbobi goma, uku ne za su ƙoshi. Mai ciki da gurguwa suna gefe, sai an watse su lashi katako. Maganinsa a raba kwami biyu ko uku nesa da juna, a ɗaure masu ƙaho a turke, a fara ba raunana, a ɗaga mazubin ruwa yadda ƙafa ba za ta shiga ba. Farkon wannan surar ma makiyayan da ke ciyar da kansu aka fara tuhuma.

Yanzu ki koma Matiyu 25:31-46 ki ƙirga abin da Sarkin ya ambata: mayunwaci, mai ƙishi, baƙo, marar sutura, marar lafiya, ɗan kurkuku. Shida ne. Babu rajistar halartar sujada, babu katin zakka. Ba ina cewa ki bar zuwa coci ba, ki je, tunkiyar da ta ware ita kura ke samu. Amma ki lura, na dama da na hagu duka tambaya ɗaya suka yi: yaushe muka gan ka? Na daman ba su riƙe lissafi ba, halinsu ne kawai ya fito. An ce musu su gāji mulkin da aka shirya musu tun kafa duniya, gādo kuwa ba ladan ƙwadago ba ne, sai ki haɗa da Afisawa 2:8-10. Wutar ma, aya 41 ta ce domin Iblis da mala'ikunsa aka shirya ta.

Idan tsoron ya tashe ki da dare, ki karanta Yahaya 10:27-29 da murya, a hankali. Da safe ki zaɓi ɗaya cikin shidan nan. A asibiti ki tambayi ma'aikaciyar ɗakin wane majinyaci ne ba shi da mai jinya, ki kai kunu a filas da sabulu da zani ɗaya. In gidan yari ne, kada ki tafi ke kaɗai, ku haɗu biyu ko uku daga zumuntar mata, ku fara tambayar ranar ziyara da abin da aka yarda a shigar, domin akan mayar da wasu kaya daga ƙofa. Sabulu da garin kwaki da silifas sun fi amfani. In kuma ba ki da ko sisi wannan makon, ki nemi wadda ta daina zuwa sujada a layinku ki je ki gaishe ta, kada ki tambaye ta dalili.